Game of Thrones, zango na 8 kashi na 3 (hirar 2019): Arya ce ta dace ta kashe Sarkin Dare, shugaban matattu?

Barden_Gabas:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda bai kalli kashi na uku ba ya fita tun yanzu, don nan satar amsa za a bayar ba ƙaƙƙautawa.

Ni dai a ganina an cuce mu. Tun kashin farko a 2011, kafin ma mu ga fuskar Ned Stark, matattun nan aka fara nuna mana a bayan Katanga. Shekara takwas ana ce mana hunturu na tafe, ana ce mana rigimar karaga wasan yara ce, babban tashin hankali yana arewa. Sai ga shi a dare ɗaya, a gari na farko da aka tare shi da runduna ta sosai, yarinya ta diro daga inda Allah kaɗai ya sani ta soke shi, shi ke nan kowa ya zube. Shi kuma Jon Snow, wanda aka kashe aka tayar saboda wannan yaƙin, yana can laɓe a bayan bango yana yi wa dodo ihu. Ko takobi ba su haɗa ba. To kallon-kallon da suka yi a Hardhome na mene ne? Ku gaya mini in ni kaɗai ne abin ya ɓata wa rai.

Zee_Tudunwada:
Kai kaɗai ne Yaya Barde. Ni ihun da na yi sai da Mama ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Ɗan_Fagge:
Ku da kuka ga abin da ya faru ai kun more. Ni a waya na kalla, na karɓo wajen masu turi, allon baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sai kururuwa da ƙarar takubba kawai nake ji. Lokacin da dodanni suke kokawa a sama ban san wa yake cizon wa ba. Har aka gama ban san Edd ya mutu ba, sai da safe wani ya faɗa mini.

Injiniya_Sk:
@Ɗan_Fagge laifin ya rabu biyu. Abin da masu turi suke bayarwa an matse shi ne don ya yi ƙarami, kuma idan aka matse bidiyo, wurin duhu ne yake fara lalacewa, sai ya koma dabbare-dabbare. Wannan kashin kuwa minti 82 ne, kusan dukkansa cikin dare da hazo da hayaƙi. Amma ba mu kaɗai ba ne, su kansu 'yan Amurka masu manyan talabijin sun yi ta ƙorafi. Wanda ya ɗauki hoton, Fabian Wagner, ya fito ya kare kansa, ya ce da gangan aka yi duhun, kuma mutane da yawa ba su iya saita talabijin ɗinsu ba. Nemi mai nauyi, ka kashe fitilar ɗaki, ka ƙara hasken allo. Za ka ga kamar wani kashin daban ne.

Ɗan_Fagge:
Wato dare 55 suka yi suna ɗauka a cikin sanyi don ni in zo in saita waya. Madalla.

Maman_Iman:
Mu koma kan maganar Malam Barde. Malam, ka ce ta diro daga inda ba a sani ba, ni kuma na ce an daɗe ana shimfiɗa mana tabarmar, mu ne ba mu zauna ba.

Wuƙar da ta soke shi da ita, ita ce wadda aka aiko a yanka Bran da ita a zango na farko, wadda Catelyn ta damƙe da tafin hannunta. Ƙarfen Valyria ce. A zango na bakwai Littlefinger ya ba Bran, shi kuma Bran ya miƙa wa Arya a gindin farar bishiyar nan, daidai wurin da abin ya faru. A wancan kashin na zango na bakwai dai ta gwada hannu da Brienne, kuma da irin wannan sauya wuƙa daga hannu zuwa hannu ta kai wa Brienne wuya. A kashin farko na wannan zangon ta lallaɓo ta bayan Jon a wannan lambun, har ya tambaye ta yadda aka yi bai ji zuwanta ba. A daren yaƙin kansa an ɓata lokaci mai tsawo ana nuna ta a ɗakin littattafai tana ratsa tsakanin matattu, ba su ji takunta ba, sai ɗigar jininta suka ji. Don me aka nuna mana wannan? Sannan kafin ta yi tsalle, ka lura da gashin ɗaya daga cikin fadawansa da iska ta kaɗa? Ita ce ta wuce.

Yarinyar da ta makance a Braavos, ta sha duka da sanda, ta koyi kisa a duhu wajen masu bauta wa mutuwa, in ba ita za ta kashe mutuwar ba, karatun me ta je yi?

Barden_Gabas:
Hajiya, ban ce ba ta iya kisa ba. Walder Frey shaida ne. Abin da nake cewa labarin ba nata ba ne. Arya ba ta taɓa ganin matacce yana tafiya ba sai a wannan daren, har sai da ta tambayi Gendry yadda suke. Jon kuwa a kan wannan maganar ya shigo da mutanen bayan Katanga, a kanta 'yan'uwansa suka daddaɓa masa wuƙa, a kanta ya ajiye sarautar Arewa ya durƙusa wa Daenerys. Mutum ya yi noma ya yi girbi, wani ya zo ya ɗauki buhun.

Malam_Na_Alƙalami:
Barde, ranka ya daɗe, buhun ai gida ɗaya ya shiga. Kuma ka cire Jon daga lissafi ka gani: wa zai kawo dodanni? Wa zai haƙo gilashin dodo a Dragonstone? Wa zai zaunar da Tormund da sarakunan Arewa a inuwa ɗaya? Aikinsa tara mutane ne, kuma ya tara. Sarkin Dare ba sakarai ba ne. Ya san takobin Jon ya farfasa bafadensa a Hardhome, saboda haka da ya ga Jon ya taso masa a fili, sai ya ɗaga hannu ya tayar da gawawwaki ya yi gaba abinsa. Wanda ya rayu dubban shekaru ba zai tsaya dambe da mai riƙe da makamin ajalinsa ba.

Sadiq_Arsenal:
Akwai masu cewa ba ihun banza Jon ya yi ba, wai ya hango Arya ce za ta wuce, shi ya sa ya miƙe ya ja hankalin dodon nan Viserion, yana ce mata ta tafi. Ku sake saurara da abin kunne.

Zee_Tudunwada:
Na saurara Sadiq. Ihu ne kawai na wanda ya sallama. Masoyan Jon ne ke neman abin rufe kunya.

Sarkin_Dawaki:
Ni ba Arya ce damuwata ba, tsarin yaƙin ne ya hana ni barci. Wane jahili ne ya tsara shi? Kana da ganuwa, kana da gwalalo, sai ka fito da mutanenka duka ka jera su a waje. Ka sa barade a sahun farko su sukwane cikin duhu, ba su ga abokin gaba ba, ba su san yawansa ba. Manyan majaujawar jifan ma a gaban dakaru aka ajiye su, jifa kaɗan suka yi aka bar su. Gwalalon da aka cinna wa wuta kuma a bayan rundunar babanni yake, wato ka toshe wa naka hanyar ja da baya. Da matattun suka tsaya cak a bakin wutar, 'yan baka suna kan bango suna kallonsu, ba wanda ya ce a harba.

Kakanninmu da suka gina ganuwar Kano ba don ado suka gina ba. In mahara sun fi ka yawa, ciki kake shiga ka rufe ƙofa, doki kuma ka ajiye shi sai an gaji ka fito ta gefe. Kuma mafi muni, duk wanda ka tura ya mutu, sojan abokin gaba ka ƙara. Jon ya fi kowa sanin haka.

Har kafin bokanyar nan Melisandre ta iso ta kunna musu wuta a takubba, da me baraden Dothraki za su yi yaƙin? Da ƙarfe na gama-gari da ba ya kashe matattu?

Hafsy_Gombe:
Gaskiyarka Sarkin Dawaki, amma ka yarda wurin nan ya yi kyau. Daga kan ganuwa kana hango wutar dubban takubba tana tafiya, sai ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ya zama ba ko ɗaya, sai shiru, sai 'yan dawakai suka dawo ba mahaya. Ban taɓa jin tsoro a wannan shirin kamar a wannan minti biyun ba.

Sarkin_Dawaki:
Kyau kam ya yi, ƙanwata. An sayar da hankali an sayi kyau.

Ɗan_Fagge:
Shi kuma Ghost me ya kai shi cikin dawakai? Kyarkeci zai ciji ƙashi ne?

Injiniya_Sk:
Yana raye, an hango shi a tallan kashi na huɗu. Dodon nan Rhaegal ma haka.

Baffa_Mai_Littafi:
Ina ta karanta ku. Bari in sa baki a matsayin wanda ya karanta littattafan biyar.

Abu na farko, wannan Sarkin Daren da kuke gani, a littafi babu shi a haka. Akwai tatsuniyar wani shugaban masu gadin Katanga na goma sha uku da ya auri wata mace mai sanyin jiki da shuɗin ido, ya naɗa kansa sarki, daga baya aka taru aka kawar da shi. Labarin dā ne da Old Nan take ba yara. Shugaba guda wanda in an kashe shi kowa zai zube, masu shirin ne suka ƙirƙiro shi, saboda suna buƙatar ƙofar fita. Tun da suka nuna mana a zango na bakwai cewa in ka kashe bafade matattun da ya tayar suna faɗuwa, na san inda aka dosa.

Na biyu, maganar idanu da Maman Iman ba ta kawo ba amma na san tana tafe. A zango na uku da Melisandre ta riƙe haɓar Arya, jerin idanun da ta ce Arya za ta rufe har abada shi ne ruwan ƙasa, shuɗi, kore. Shuɗi a tsakiya yake. A wannan kashin sai aka mayar da shi ƙarshe don ya yi nauyi. Masu shirin, su Benioff da Weiss, da bakinsu suka ce kimanin shekara uku ke nan da suka yanke cewa Arya ce. Zango na uku kuwa a 2013 aka nuna shi. Ku yi lissafi. Ba shiri ba ne tun asali, tsintuwa suka yi a tsohon kaya, kuma ban ce tsintuwar ba ta yi kyau ba.

Littafi na biyar tun 2011 ya fito, har yau George Martin bai kawo na shida ba. Saboda haka duk abin da muke gani yanzu, hanyar tasu ce ko da masaukin nasa ne.

Maman_Iman:
Baffa, Allah ya ƙara girma, na yarda an juya jerin. Amma wuƙa da Brienne da lambu duk a cikin shekara ukun nan suke, kuma su na kafa hujja da su. Marubucin da ya waiwaya ya ga abin da ya yar a baya ya ɗauka ya yi amfani da shi, ni ban ga aibunsa ba.

Abba_Kd:
Ku tsaya tukuna, wa ya ce muku an gama da Sarkin Dare? Ni ban yarda ba. Saura kashi uku, kowanne kusan minti 80. Me Bran ya tafi yi tsawon yaƙin nan? Ya ce wa Theon zai tafi, idonsa ya juye, ya shiga hankaki, daga nan ba a sake nuna mana komai ba. Sannan ku dubi kallon da suka yi wa juna da Sarkin Dare, kamar tsofaffin sani. Akwai tambarin hannunsa a damtsen Bran. Ni hasashena, abin da ke cikin Sarkin Dare ya koma jikin Bran, ko kuma tun farko Hankaka Mai Ido Uku shi ne mugun, ya yi amfani da mutane ya kawar da wanda kaɗai zai iya kashe shi. Ku tuna abin da ya yi wa Hodor. Yaron nan ba Bran ba ne, shi da kansa ya faɗa wa Meera.

Sadiq_Arsenal:
Kuma wuta ba ta ƙona shi ba! Drogon ya yi masa wanka da ita ya fito yana murmushi. Ga hawan dodo. Ga alamar da ya yi da gaɓoɓin mutane a jikin bango, ya kafe yaron gidan Umber a tsakiya, da ta kama da wuta sak tambarin gidan Targaryen. Ni na ce ɗan gidan ne.

Baffa_Mai_Littafi:
A'a ɗana. An nuna mana yadda aka yi shi a zango na shida: Yaran Daji suka ɗaure mutum a jikin bishiya suka tura masa gilashin dodo a ƙirji, lokacin yaƙinsu da mutanen farko. Dubban shekaru ke nan. Aegon kuwa shekara 300 kacal da cin Westeros. Alamar nan mai murɗe-murɗe ta Yaran Daji ce, tana nan da duwatsu kewaye da wannan bishiyar, tana nan a zanen kogon Dragonstone. Kuma ba kowane Targaryen ne wuta ba ta ci ba. Jon ya ƙone hannu da fitila a zango na farko, Viserys kuma kun san yadda narkakken zinare ya yi da shi.

Hafsy_Gombe:
Ba wanda zai yi maganar Lyanna Mormont ne? Basamude ya matse ta, ana jin ƙasusuwanta suna karyewa, ta daure har ya kawo ta kusa da fuskarsa ta caka masa a ido. Yarinyar da ta ba Jon mutum 62 lokacin da manyan gidaje suka juya masa baya. Ita ta tafi, Jorah ya tafi, gidan Mormont ya rufe a dare ɗaya.

Zee_Tudunwada:
Ni Theon ne ya sa ni hawaye. Gidan da ya ci amana, a nan ya mutu yana gadi. Da Bran ya ce masa shi mutumin kirki ne ya gode masa, sai na ga fuskarsa ta saki. Ga kiɗan fiyanon nan a hankali. Ramin Djawadi ba ya wasa.

Ɗan_Fagge:
Amma Sam yana kwance a kan tulin gawa yana kuka, matattu sun rufe shi, kuma ya tashi lafiya. Brienne, Jaime mai hannu ɗaya, Podrick, an matse su a bango tun tsakar dare, ko ƙwarzane. Shirin da ya sare kan Ned ya yi Jan Biki, yanzu ya koma jin tausayin taurari.

Malam_Na_Alƙalami:
Wannan kam na ba ka. Ka ƙara da makabartar ƙarƙashin ƙasa. Tyrion da ake kira mai wayo, Varys, Sansa, ba wanda ya ce jama'a, wanda ke zuwa fa gawa yake tayarwa, mu kuma za mu ɓoye mata da yara a cikin kaburbura. Sannan mataccen da suka kai wa Cersei a akwatin katako ya yi tafiya tun daga Katanga bai fasa ba, amma ƙasusuwan da suka shekara ɗaruruwa suna fasa dutse da hannu.

Ummi_Zinder:
Sannunku. Ni abin da ke gaba nake dubawa. Ruwan ƙasa an rufe, shuɗi an rufe, saura kore. Cersei ce, kuma tana cikin jerin sunayen Arya tun tana ƙarama.

Baffa_Mai_Littafi:
A littafi bokanyar da ta yi wa Cersei duba ta ƙara da cewa ƙane ne zai shaƙe ta. A shirin an yanke wannan, an tsaya a kan 'ya'ya uku da za su mutu da sarauniyar da za ta ture ta. Ita Tyrion take zargi duk rayuwarta, ta manta ita ta riga Jaime fitowa.

Abba_Kd:
To a haɗa biyun mana. Jaime ya mutu, Arya ta ɗauki fuskarsa, ta shiga har ɗaki. Ƙane ya shaƙe, koren ido ya rufe.

Maman_Iman:
Ba za su ba ta biyu ba. Wadda ta kashe Sarkin Dare ta gama cin rabonta. Ni Daenerys nake jin tsoro. Ku duba abin da ta rasa a dare ɗaya: Dothraki, yawancin babanni, da Jorah, wanda shi ne yake iya ce mata ta yi haƙuri ta saurara. Kafin a busa ƙaho Jon ya gaya mata shi ɗan Rhaegar ne, abin da ya fara fitowa daga bakinta kuwa maganar gadon karaga ce. Sansa ba ta sonta. Cersei tana zaune da sojojin haya 20,000 da jiragen Euron, ba ta rasa ko mutum ɗaya ba. Ku tuna abin da Daenerys ta gani a gidan bokayen Qarth a zango na biyu: fadar karaga rufinta a farfashe, wani farin abu yana zuba. Duk mun ce dusar ƙanƙara ce, wato matattu za su isa King's Landing. To ga shi ba su wuce Winterfell ba. In ba ƙanƙara ba ce, toka ce. Kuma Bran ya ga inuwar dodo a kan rufin birnin.

Ummi_Zinder:
Kai Maman Iman, kin sa tsigar jikina ta tashi. Amma wadda ta 'yanta bayi a Meereen ba za ta ƙona talakawa ba. Sai dai in Cersei ce ta kunna koriyar wutar nan kamar yadda ta yi wa wurin ibadarsu.

Barden_Gabas:
Kun ga abin da nake faɗa? Ga mu nan mun koma lissafin wa zai hau karaga, abin da aka shekara takwas ana ce mana shirme ne. Cersei ta ƙi zuwa, ta yi ƙarya, ta zauna tana shan giyarta, kuma ita ce ta yi daidai. Da Sarkin Dare ya ci Winterfell ya kora su kudu, ya tsaya a ƙofarta, da na yi shiru ko da Hot Pie ne ya kashe shi.

Malam_Na_Alƙalami:
Sunan shirin fa wasan karaga, Barde, ba wasan ƙanƙara ba.

Sadiq_Arsenal:
Wata matsalar kuma, kashi na huɗu ƙarfe biyun daren Lahadi wayewar Litinin zai fito a wajenmu, kuma in an ga wata ranar Lahadi, daren sahur na farko ke nan. Ni dai na ajiye sai bayan sallah. Duk wanda ya turo mini satar amsa ban yafe ba.

Ɗan_Fagge:
Sai ka fita daga Facebook da WhatsApp wata guda. Na ƙarshe ranar 19 ga Mayu ne, ko a layin ƙosai sai ka ji wanda ya hau.

Abba_Kd:
Ku rubuta ku ajiye, Varys ba zai kai ƙarshe ba. Melisandre ta gaya masa a Dragonstone cewa su biyun a wannan baƙuwar ƙasa za su mutu, ga tata ta cika, ta cire sarƙa ta faɗi a gaban Davos. Kuma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar inda Bran ya je.

Sarkin_Dawaki:
Ya je duba ko akwai sauran dawakai.